Inda Sawun Mazari Ya Ɓace

Inna Mai-shara ce ta fara ganin ruwan. Ta buɗe shago da safe kamar kullum, ta jingine tsintsiya, sai ta ji ƙauri irin na roba in ta taɓa wuta. Wani ruwa mai ɗan kauri ya gangaro daga babban tebur, ya bi layin tayil har ya kusa bakin ƙofa. A bisa teburin kuwa Sarauniya na zaune shiru, ko fitila ɗaya ba ta ci.

Sarauniya kwamfuta ce. Maigida ne ya raɗa mata sunan, kuma ba da wasa ya raɗa ba. Akwatinta baƙi ne, gefe guda gilashi, ta yadda duk wanda ya shigo zai ga cikinta yana walƙiya. A kanta ake haɗa bidiyo da zanen talla, wato ita ke ciyar da duk mai cin abinci a shagon.

Kafin Maigida ya iso, maƙwabta sun riga sun cika ƙofa. Tela ya baro kekensa, Mai-aski ya baro mutum da rabin kai.

"Ruwa aka ɗura mata," in ji Tela.

"Wa zai ɗura wa kwamfuta ruwa in ba mai ciwon zuciya ba?" in ji Mai-aski. Bai kira suna ba, amma idonsa na kan labulen da ke ƙarshen shago.

Bayan labulen nan bencin Yaya yake. Yaya wan Maigida ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya buɗe shagon, shi ya koya wa ƙanensa yadda ake riƙe sukudireba. Daga baya hannuwansa suka fara rawa. A hankali shago ya koma hannun ƙane, aka tura Yaya bayan labule don kada masu kawo aiki su gani su tsorata. A gabansa kowa Yaya yake ce masa. In ya juya baya, Mazari. Bayan bencin akwai ɗaki guda da shi da matarsa ke kwana, kuma ba su da wani wurin.

Da Maigida ya zo, ya daɗe tsaye a kan Sarauniya. Sannan ya yaye labule.

"Yaya, shekaranjiya muka yi cacar baki a kanta. Yau ta mutu. Me za ka ce?"

Yaya ya fito ya leƙa ta gilashin. Ya duba sau ɗaya tak, ya kawar da kai, ya cusa hannuwansa a aljihu.

"Ba abin da zan ce."

"To ka fara ɗaure kaya. Benci da ɗaki, duka ina so kafin wata ya ƙare."

Tela ya ɗan leƙa wajen ɗakin. Ya daɗe yana neman inda zai ajiye yadi.

* * *

Matar Yaya ce ta ce ba ta yarda ba. Mace ce mai yawan shiru, wadda mutanen layin suka sani kawai da kwanon abincin da take kai wa mijinta bayan labule kowace azahar.

"Malam, za su kore mu a kan abin da ba ka yi ba, kai kuma ka yi gum," ta ce masa a ɗaki. "Zan kira Mai-Sawu."

"Kada ki kira shi."

"Don me?"

"Don na ce."

"Shekara nawa ina bin abin da ka ce? Yau ɗaya ka bar ni."

Ta yafa mayafi ta fita. Ya kira ta sau biyu, ba ta waiwayo ba.

Mai-Sawu ba ɗan sanda ba ne. An ce yana yaro yake bin sawun dabbobin da suka ɓace, da ya girma ya koyi gyaran kayan wuta, sai ya haɗa sana'o'in biyu. In abu ya ɓace ko ya lalace a unguwa, shi ake kira. Bai taɓa kuskure ba, kuma ba wanda ya taɓa kiransa sau biyu, domin mutum ne mai jin daɗin ganin fuskar wanda aka kama fiye da yadda yake jin daɗin abinci.

"Me kike so in yi?" ya tambaye ta.

"Ka wanke mijina."

"Ni ba mai wanki ba ne, baiwar Allah. Sawu nake bi. Inda ya tsaya nan nake tsayawa."

"Haka nake so."

Ya dube ta ya yi murmushi, ya ɗauki jakarsa.

* * *

Mai-Sawu ya kori kowa daga shago, ya bar Maigida kaɗai. Ya tsoma yatsa a ruwan, ya murza, ya shinshina.

"Wannan ba ruwan famfo ba ne. Jininta ne."

Ya cire gilashin ya nuna. A gaban akwatin akwai lagireto a tsaye, irin na mota amma siriri. Tiyo biyu sun fito daga gindinsa sun tafi kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, inda wani ɗan famfo ke zagaya da ruwa. Ruwan ya kwaso zafi, ya kai lagireto, fankoki uku da ke manne a bayansa su huce shi.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Yaya."

"Ya iya aiki. Tiyo ta ƙasa, kan lagireto ya fi famfo tsawo, don kumfar iska ta taru can sama ta bar famfo ya sha ruwa. Mai hankali ne ya yi." Ya matso da fuska. "Amma fankokin nan mahaukaci ne ya taɓa su."

Ya fito da ɗan batir ya haɗa wa fanka ɗaya, ya tsinko zare daga bakin rigarsa ya riƙe a gaban akwatin. Zaren ya tashi waje, yana gudun lagireto.

"Ka gani? Nan ne hancinta. Ta nan ya kamata ta ja iska. Ta baya da ta sama su ne masu fitarwa. Yanzu kowace fanka fitarwa take, babu mai shigo da komai. An toshe mata hanci an ce ta yi gudu."

Ya goga yatsa a jikin lagireton ta waje, ƙura ta kama shi baƙi ƙirin.

"Ƙura ba ta ƙarya. Ta nan iska ta daɗe tana shiga. Juyin nan sabo ne."

Maigida ya gyara tsayuwa. "Ni na ce a juya su."

"To fa."

"In ka leƙa ta gilashi ƙeyarsu kake gani, duk waya da ƙarafa. Fitilun suna fuska, fuskar na kallon lagireto. Kayan tsada a ɓoye. Na ce Yaya ya juya, ya tsaya yi mini karatu, wai fanka ta fuska take shan iska ta fitar ta ƙeya. Na ce ko ya juya ko in samo mai juyawa ya gaje bencin. Jiya da la'asar na dawo na tarar an juya. Har na ji daɗi."

"Wato kai ka kashe ta."

"Ni ban taɓa ta ba. Ni da Dogo muna wajen ɗaukar bidiyo tun safe."

"Juyi kaɗai ba ya kisa, wahalarwa yake," in ji Mai-Sawu. Ya kwance sukuru na fankokin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a tebur. Duk tsawonsu ɗaya, ban da guda. Ya fi sauran da abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma bakinsa a jiƙe yake.

Ya shinshina kan sukurun, ya naɗe shi a takarda ya sa aljihu.

"Kada ka gaya wa kowa. In ka faɗa, zan gaya wa layi cewa ado ya fi maka numfashi."

* * *

Dogo shi ne mai haɗa bidiyo, kuma shi ke zama gaban Sarauniya yini guda. Mai-Sawu ya same shi a bakin titi yana danna waya.

"An ce kana kuka da ita."

"Wa ya ce?"

"Bango."

"Na ce ta fara tsufa, shi ke nan. Wanda ke son sabuwar mota ba ya cinna wa tsohuwa wuta alhali yana ciki. Aikin mutane na ciki, ni za a zaga."

"Jiya ba ka ji ta tana haki ba?"

"Na ji fankoki na ƙara. Na ɗora mata aiki mai nauyi na kwana, na kulle na tafi. Na ɗauka sabon salo ne."

"Nuna mini hannunka."

Dogo ya miƙa. Tafin lumus, farcen ƙaramin yatsa dogo kamar cokali.

"Ka taɓa ɗaure sukuru?"

"Aikin Mazari ke nan. Ni na karanta."

"An gani. Je ka, hannun nan ko laifi bai iya ba."

Daga nan ya nemi Inna Mai-shara, ya tambaye ta da wane sabulu take aiki. A gaban Tela ya yi tambayar, kuma da gangan ya yi, don ya ga abin da zai biyo baya. Kafin azahar labari ya zagaye layi cewa an ji ƙanshin sabulu a cikin Sarauniya. Matan da ke gaishe da Inna suka daina. Mai-aski ya tuna cewa ya taɓa neman almakashi ya rasa ranar da ta share masa shago. Wani ya zubar mata da bokiti. Tsohuwa ta zauna a kan dakali tana rantsuwa tana kuka, ba mai saurare.

Mai-Sawu ya bar ta ta yi kukan sosai kafin ya je ya duba kayanta. Garin sabulu ne a leda.

"Ba ke ba ce," ya ce. "Wanda nake nema sabulun sanda ne."

"Me ya hana ka faɗa tun ɗazu, ɗan nan?"

"Ina kallon masu murna ne, Inna. Su ma sawu ne."

Ba wanda ya ba ta haƙuri. Tela ma cewa ya yi ai ba a rasa ta da wani laifin.

* * *

Da yamma Mai-Sawu ya shiga bayan labule. Yaya na zaune a kan benci, hannuwa a matse tsakanin gwiwoyi. A kan kanta akwai kwamfutocin da ya gyara waɗanda masu su ba su zo ɗauka ba, wasu sun shekara, wasu na makon jiya.

"Ina kake jiya da rana?"

"Nan."

"Yini guda?"

"Nan."

Mai-Sawu bai matsa ba. Ya sauko da kwamfutocin ya jera su a ƙasa, daga wadda ta fi ƙura zuwa wadda ta fi tsabta. Ya durƙusa yana bin su da fitilar waya. Cikinsu bai dame shi ba, gefen kowane sukuru yake dubawa. Ya bi layin har ƙarshe, ya dawo, ya tsaya a tsakiya. Sai ya yi 'yar dariya a hanci.

Ya leƙa ƙarƙashin benci. Akwai gwangwanin sukuru, da tsumma, da wani ɗan guntun abu a kan murfin kwalba. Bai taɓa shi ba.

"Bawan Allah," in ji Yaya, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ni na yi. Ka gaya musu haka ka tafi."

"Kai ka yi?"

"Ni ne. Haushi ya kama ni."

"Ashe. To gobe ka maimaita a gaban jama'a."

"Kana da iyali?"

"Ina da suna," in ji Mai-Sawu. "Shi nake ciyarwa."

* * *

Washegari da hantsi aka taru a shago. Maigida ya zauna a kujerarsa mai juyawa. Dogo ya jingina da bango, Inna ta rakuɓe a bakin ƙofa, Tela da Mai-aski suka yi gaba kamar an gayyace su. An yaye labule gaba ɗaya. Yaya na kan bencinsa, matarsa a tsaye kusa da shi, ta sa tufafinta masu kyau, domin a ganinta ranar wanke suna ce.

Mai-Sawu ya fara da cewa ba wanda ya ɗura ruwa. Matar Yaya ta dubi Tela ido cikin ido.

Sannan ya yi bayanin fankoki, yadda aka juya musu fuska ciki don ado, har Sarauniya ta rasa mai shigo mata da iska. Ya buɗe takarda ya ɗaga sukurun.

"Mai juyin ya yar da guda ɗaya, ya neme shi ya rasa, ya ɗauko wani a gwangwani. Bai auna shi da 'yan'uwansa ba. Ya ɗaure shi tam, bakinsa ya wuce fanka ya tsaga hanyar ruwa a lagireto. Tsagar ba ta kai gashi ba. Da an bar iska yadda take, wataƙila da ta yi wata tana ɗiga a hankali har a lura. Amma ga zafi ba mafita, ga aikin kwana. Ruwa ya tafasa ya buɗe tsagar, ya bi ƙasan akwati har ya sadu da wuta."

Matar Yaya ba ta kallon Tela kuma. Ta dafa kanta da hannu ɗaya.

Yaya ya miƙe. "Ni na juya. Ni na sa dogon. Na san abin da zai yi, na sa."

Shago ya ɗauki guna-guni.

"Ai mun faɗa," in ji Mai-aski.

Maigida ya girgiza kai. "Wana, uwa ɗaya. To, an gama. Mun gode, Mai-Sawu."

Da an tsaya a nan, da Yaya ya fita a matsayin mugu, kuma mugu ana tsoronsa, wani shagon ma zai iya ɗaukarsa. Amma Mai-Sawu bai taɓa barin sawu a rabi ba.

"Wa ya ce an gama? Ku matso."

Ya kai su kan layin kwamfutocin da ya jera.

"Ku dubi ta farko. Gefen kowane sukuru akwai ɗan karce a fenti, inda bakin sukudireba ya zame. Sawun Mazari ke nan. Ta biyu, karce ya ƙaru. Ta uku, kamar kaza ta yi tono. Ta huɗu, har ya fasa roba. Mutum na tafe yana ɗingishi, ɗingishi na ƙaruwa." Ya taka zuwa ta gaba. "Daga nan kuma fa? Ku duba. Fes. Ba karce ko ɗaya, har zuwa ta makon jiya. Haka ma fankokin Sarauniya."

"Ko ya samu sauƙi ne?" in ji Dogo.

Mai-Sawu ya dube shi kamar yana tausayinsa.

"In sawun gurgu ya ɓace a tsakiyar hanya, ɗan boko, ba warkewa ya yi ba. Goya shi aka yi."

Ya ɗauko sukudireba da sukuru guda, ya ajiye fanka a kan benci.

"Yaya, ka ce kai ka ɗaure goma sha biyu shekaranjiya. Ɗaura mana ɗaya."

"Ba sai na yi ba. Na amsa laifi."

"Ɗaya tak."

"Yi mana, Yaya," in ji Maigida. Muryarsa ta canja.

Yaya ya fito da hannuwansa daga aljihu. An daɗe ba a gan su a fili ba. Ya kama sukudireba da dama, ya riƙe damar da hagu. Ya ɗora sukuru a baki, ya faɗi. Ya tsince shi da ƙyar, ya sake ɗorawa, ya faɗi. Bakin ƙarfen na buga benci, kaf kaf kaf, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa.

"A kawo masa auduga ya kaɗa mana zare," in ji Tela.

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma ta isa.

Sukurun ya gangara ƙasa. Yaya ya durƙusa yana lalube, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya samo shi, ya sake ɗorawa. Ya faɗi.

Matarsa ta sunkuya, ta miƙa hannu ƙarƙashin benci ba tare da ta duba ba, ta ɗauko guntun sabulun da ke kan murfin kwalba. Ta kankaro kaɗan da farce, ta shafa a bakin sukudireba, ta manna sukurun ya zauna daram. Sannan ta ɗora hannunta bisa nasa, ta kai shi rami, ta murɗa. Ya shiga sumul, ba karce.

Dariya ta ɗauke.

Mai-Sawu ya miƙa wa Maigida dogon sukurun. "Shinshina kansa."

Maigida ya shinshina. Ya dubi sabulun, ya dubi matar wansa.

"Ga mai goyo," in ji Mai-Sawu. "Kowace azahar kwano ya shiga, labule ya sauka. Shi ya faɗa, ita ta ɗaure. Shekaranjiya ne kawai ta yi aiki ba mai faɗa."

"Ya tafi asibiti," ta ce wa Maigida. Ba ta ɗago ba. "Ba ya so a sani. Na ji ka ce in bai juya ba za ka ba wani bencin. Na ce abin da bai fi juyi ba, me zai sa mu rasa wurin kwana. Ɗaya ya faɗi ya shige ƙarƙashin tebur. Na ɗauko mai kama da shi." Ta ajiye sabulun. "Ruwa aka ce an ɗura. Ni ban ɗura ruwa ba. Shi ya sa na je kiran wannan."

"Kun ji ikon Allah," in ji Mai-aski. "Ɓarawo ya yi hayar kare."

* * *

Maigida ya daɗe yana juya kujera hagu da dama.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Layin kwamfutocin ya riga ya amsa.

"Wato kayan mutane da nake karɓa da sunan gwani, matar gida ke ɗaurewa da sabulun wanka."

"Ba wanda ya taɓa dawo da aiki," in ji Yaya. "Kai ne ka ce a juya. Na gaya maka ta ƙeya take fitarwa."

"Kada ka ɗora mini. Ni ban riƙe ƙarfe ba." Ya miƙe tsaye. "Ka san wani abu, Yaya? Da mugunta ce, da na huce wata rana, don mai mugunta yana da sauran hannu. Wanda ba zai iya ɓatawa ba, ba zai iya gyarawa ba. Na ce ƙarshen wata don ina tsammanin ma'aikaci nake kora. Tunda baƙo ne, gobe ta isa."

"Ƙanena," in ji matar Yaya. "Ni na yi. Ka kore ni, ka bar shi."

"In bar shi wa zai goya shi? Ni?"

Ya juya ga Dogo, ya ce ya bincika masa farashin sabuwa, kuma a tabbata fitilunta na kallon gilashi.

Mai-Sawu na zuge jakarsa matar Yaya ta tare shi a ƙofa.

"Na ce ka wanke shi."

"Na wanke shi. Duk layin nan ba mai sake cewa mugu ne."

"Ya roƙe ka. Na san ya roƙe ka."

"Ke ma ya roƙe ki," ya ce. Ya raɓa ta gefenta ya wuce, yana gaisawa da mutane.

* * *

Kayansu ba su da yawa. Mai kura ɗaya ya kwashe, da katifa da tukwane da gwangwanin sukuru. Ba wanda ya fito taya su. Inna Mai-shara ce kaɗai ta tsaya daga nesa, ita ma ba ta matso ba, wataƙila tana tuna bokitinta.

A bakin titi matar ta tsaya.

"Tun safiyar da aka ga ruwan ka sani."

"Kallo ɗaya na yi. Na san ɗaurinki, kina matsewa kamar murfin tulu."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na so ki ci gaba da barci."

Ta kama hannunsa ta riƙe da nata biyu, ta matse, kamar yadda take yi a bayan labule. Bai daina rawa ba.

Ta waiwaya sau ɗaya. Ƙofar ɗakinsu a buɗe take. Tela na ciki ya kafa tef ɗin awo a bango, Mai-aski ya riƙe masa ɗaya bakin, suna gardama a kan ko kanta biyu za ta shiga.